Nonon aguwa da farar rigata

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, ga abin da ya same ni bara da bazara, a nan ƙasar Dantchiao.

Ni malamin yaƙi da jahilci ne. Awaki sun dame mu da cin zanar rumfar da muke karatu, sai muka shirya yi mata shinge da aguwa. Ranar dashe na fito da farar rigata, wadda ita ke nan gare ni ta shiga mutane. Na rungumo rassan aguwa, nononta ya zuba mini a ƙirji da hannuwa. Da na koma gida na tafasa ruwa, na cuɗa rigar da sabulu. Ashe ɓarna na ƙara. Wurin ya yi danƙo, ƙura ta manne, ya koma ja-ja.

Washegari wani dattijo cikin ɗalibaina, makiyayi, ya dubi rigar ya yi dariya. Ya ce: "Malam, ka san baƙi, amma ba ka san itace ba. Zauna, yau ni ne malami."

Ya ce ruwan itace iri biyu ne. Akwai ƙaro, irin na dakwara da bagaruwa. Shi ruwa ke narkar da shi. Shi ya sa ake sa shi a tawada, kuma almajiri ya wanke allonsa tas. In ya taɓa riga, a jiƙa ta cikin ruwan sanyi, a jira, a wanke. Akwai kuma nono, irin na aguwa da tumfafiya. Wannan ba ya jin ruwa, mai yake ji. A shafa man gyaɗa a wurin, a murza har danƙon ya saki, a kankare da bayan wuƙa, kana a sa sabulu. Hannu ma haka ne: mai tukuna, sabulu daga baya. Zafi kuwa, na ruwa ko na guga, zaunar da tabo yake yi.

Na gwada, danƙon ya fita. Jan da ya saura na matsa masa lemun tsami, na shanya a rana.

Amma riga ba ita ce babbar magana ba. Bayan kwana kaɗan ɗana mai shekara 5 ya karya tumfafiya wajen wasa, ya murza ido da hannun. Idon ya yi ja, ya ce yana gani hazo-hazo. Kakarsa ta kawo kwalli, na ce: "Inna, ki yi haƙuri." A likita an taɓa faɗa mana ruwa mai tsabta kaɗai ake sa wa. Na kwantar da shi, na buɗe idon, na yi ta tsiyaya ruwa da buta har wajen minti 15, sannan na ɗauke shi a babur zuwa likita. Kwana 4 ganinsa ya dawo, alhamdu lillahi. A kula: mai na hannu ne da riga, ba ya shiga ido.

Yanzu in za mu taɓa shingen, kowa tsohuwar riga yake sawa, kuma akwai kwalbar man gyaɗa da sabulu a bakin rumfa. Aguwar ta kama, awaki sun haƙura. Rigar tawa har yau da ɗan tabo a ƙirji, ɗalibai suna ce masa hatimin malam.