Wa za a sa a fili?

A Zangon Hausawa na Tamale, da an idar da sallar isha'i kowannenmu koci ne. Ataya na tafasa, muna tsara wa Real Tamale United 'yan wasa goma sha ɗaya. Dattawanmu sun ga Abedi Pele yana yaro cikin rigar ƙungiyar, don haka matasa suke so a gwada. Mu kuwa da muka ga faɗuwarta a 2013, muka jira har 2021 kafin ta koma babban rukuni, ta sake faɗowa a 2024, tsoro ya koya mana son gogaggu. Wasan raba-gardama na hawa rukuni ba ya jiran yaro ya girma. Sai dai da an bi tamu, da Abedi ya tsufa a benci.