Harbi A Wutsiya Bai Fi Kuskure Ba

Hausawa sun ce harbi a wutsiya ya fi kuskure. Magana ce mai hikima, akan yi ta kuwa don a ƙarfafa wa mutum zuciya, ya gode wa Allah bisa ɗan abin da ya samu. Amma akwai wuri guda inda wannan karin magana ba ta da mazauni, shi ne wajen harbin agwagin daji. A nan kam gara maharbi ya kuskure sarai, tsuntsuwa ta wuce lafiya lau, da ya same ta a wutsiya ta tafi da rauni, ta je ta mutu cikin ciyawa, shi bai sami nama ba, ita ba ta tsira da ranta ba. Duk saurayin da ya saɓa bindiga yana son koyon wannan sana'a, abin da ya kamata ya fara sani ke nan.

Wanda ya san fadamun Haɗeja da Nguru, a jihohin Jigawa da Yobe, ya san yadda tsuntsaye ke cika su in sanyin hunturu ya kunno kai. Akwai 'yan gida, irin su kirinjijiya da dinya. Akwai kuma baƙi, watau ƙananan agwagi masu tasowa daga Turai da Rasha, su ƙetare Bahar Rum da hamadar Sahara, su sauka wajen watan Nuwamba, sa'an nan su juya gida wajen watan Maris. Sai dai fadamun ba kamar dā suke ba. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke cika su ta ragu, ciyawar kacalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa da yawa. Saboda haka tsuntsayen nan ba su da yawan da za a yi almubazzaranci da su.

To, me ya sa sabon maharbi ya fi samun wutsiya? Dalilin lissafi ne kawai. Shi ya saba da harbin abin da ke tsaye, gwangwani ko kututture, inda mutum kan daidaita bakin bindiga a kan abin da yake bara, ya ja kunama. Agwagwa kuwa ba ta jiran kowa. In ta miƙe a sama takan yi gudun mil 40 a sa'a ɗaya, wani lokaci ma fiye. Ƙwayoyin harsashi, kome saurinsu, sai sun ɗauki wajen kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa kafin su ci yadi 30. A cikin wannan ɗan ƙiftawar ido tsuntsuwa ta riga ta ci gaba da kusan ƙafa 6, watau gaba guda ta babban mutum. Wanda ya auna jikinta, inda ta baro ya harba. In ya yi sa'a harsashi ya bi iska, in kuma aka yi rashin sa'a, ƙwaya biyu ko uku su sami bayanta.

Maganin wannan shi ne mutum ya koyi harbin inda tsuntsuwa za ta je. Sai ya ɗora bakin bindiga a bayanta, ya bi ta da sauri kamar mai shara da tsintsiya, ya wuce wutsiya, ya wuce jiki, ya wuce baki, in ya ga sarari ya buɗe tsakaninta da bakin bindiga sai ya ja kunama. Babban sirrin kuwa shi ne kada hannu ya tsaya bayan an ja. Galibin masu koyo nan suke faɗuwa, domin da zarar yatsa ya taɓa kunama sai jiki duka ya daskare, tazarar da aka ba tsuntsuwa ta ɓace nan take. Ido kuma kan tsuntsuwa ya kamata ya tsaya, musamman kan kanta. Mai jifan mangwaro ba ya duban hannunsa, haka nan maharbi ba ya duban bakin bindigarsa.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Akwai abubuwan da tilas a gama da su tun a gida. Na farko, mutum ya san idon da ke jagora cikin idanunsa biyu. Ya buɗe su duka, ya nuna wani abu mai nisa da yatsa, sa'an nan ya rufe ɗaya bayan ɗaya. Idon da ya bar yatsa a kan abin, shi ne jagora. In mutum na dafa bindiga a kafaɗar dama alhali idonsa na hagu ne jagora, zai yi ta kuskure bai san dalili ba, sai ya sauya kafaɗa ko ya riƙa runtse idon hagun a lokacin harbi. Na biyu, ya saba da ɗaga bindiga, bayan ya tabbata ba kome a cikinta, har gindinta ya riƙa zuwa wuri guda a kafaɗa, kumatu ya kwanta a kanta, kullum ba canji. Bindiga ce ke zuwa wurin fuska, ba a sunkuyar da kai a je mata. Na uku, ya kafa babbar takarda a wurin da ba mutane ba dabbobi, ya auna yadi 30, ya harba, ya je ya duba yadda ƙwayoyin suka watsu. A nan zai gane ko bindigarsa sama take kaiwa ko ƙasa, zai kuma gane da idonsa irin giɓin da nisa ke buɗewa tsakanin ƙwayoyi.

Batun nisan nan shi ne uwa uba. Kan ruwa ido na yaudara ƙwarai, abin da ke yadi 60 sai mutum ya rantse yadi 30 ne. Bayan yadi 40 kuwa ƙwayoyi sun watse, ƙarfinsu ya ragu, sai dai su huda fata su maƙale. A ƙasar Denmak, cikin shekarun 1990, masu bincike sun riƙa kama wata irin dinyar daji suna ɗaukar hoton cikin jikinta, suka iske kimanin ɗaya cikin uku na manyan suna yawo da ƙwayar harsashi a jiki. A 1997 aka fito da shiri na hana harbi daga nesa, abin kuwa ya ragu ƙwarai. Sabon maharbi sai ya kafa wa kansa iyaka, ya sa alama da kara ko wani tushen ciyawa a yadi 30. Duk abin da ya wuce bayan alamar nan ba rabonsa ba ne.

Wani tarkon kuma shi ne garke. In kirinjijiya hamsin suka taso gaba ɗaya suna fito, zuciya kan raya wa mutum ya harba tsakiya, ai ba za a rasa ba. Alhali kuwa sararin da ke tsakaninsu ya fi jikinsu yawa. Mai harbin garke shi ya fi kowa raunata tsuntsaye, shi ya fi kowa komawa gida hannu rabbana. A zaɓi ɗaya, ta gefe ko ta ƙarshe, a manta da sauran. Ya kuma kyautu a san cewa agwagwa iska take fuskanta in za ta sauka. Wanda ya zauna iska na bugun bayansa, tsuntsaye ta gabansa za su zo, sun rage gudu, sun buɗe fukafukai. Sauran aikin haƙuri ne, a zauna shiru, a ɓoye fuska, kada a motsa sai sun shigo iyaka.

Fadama kuwa ba ta maharbi kaɗai ba ce. Akwai masunta cikin kwalekwale bayan kacalla, akwai makiyaya, akwai masu noman shinkafa. Ƙwayar da aka harba ƙasa-ƙasa takan daki ruwa ta yi tsalle ta tafi inda ba a nufa ba. Bakin bindigar da laka ta toshe kuma yakan fashe a hannun mai shi. Har ila yau akwai doka. Dokar bindigogi ta 1959 ta hana riƙe bindiga ba lasin, wuraren da aka keɓe kuma, irin su Dagona a ƙasar Bade, inda mijin Sarauniyar Ingila ya kai ziyara a 1989, ba a harbi a cikinsu sam. Ita ma darma abin lura ce. Agwagi kan tsince ƙwayoyinta a laka su haɗiye, guba ta kashe su sannu a hankali, shi ya sa Amurka ta hana harbin tsuntsayen ruwa da ita tun 1991.

Addini ma bai bar maharbi sakaka ba. Malamai sun karantar da cewa a ambaci sunan Allah lokacin harbi, abin da aka tarar da sauran rai kuma a yanka shi nan da nan. An kuma yi hani ga mai da abu mai rai abin gwajin saiti. Saboda haka wanda ya kayar da tsuntsuwa, wajibinsa ne ya sa ido inda ta faɗi, ya je ya ɗauko ta kafin ya sake ɗana wani harsashi, ko da wani garke na wucewa ta kansa.

Gwanin harbi ba a gane shi da yawan ƙarar bindigarsa. Akan gane shi ne in ya fita da harsashi biyar ya komo da agwagi uku da sauran harsashi biyu a aljihu, domin sau da yawa ya ɗaga bindiga, ya ga nisa ya yi yawa, ya sauke. Ranar da mai koyo ya iya sauke bindiga ba tare da zuciyarsa ta ɓaci ba, ranar ce ya fara zama maharbi. Allah Ya sa a dace.