ZANEN ARO BA YA RUFE KATARA

'Yan uwana mata, musamman masu ƙunshi da masu ɗinkin hula na Gaya da Ajingi. Shawara ce 'yar ƙarama na kawo muku: kowacce ta nemi littafin zane ta ajiye.

Ni dai rubutun labari na fi sani, amma littafi biyu ne a jakata, na labari da na zane. Na zanen ba wani abin kuɗi ba ne, irin na 'yan firamare ne mai falle 40, sai fensir. Kullum bayan la'asar ina ba shi minti 15, in sa kwanan wata a saman shafi, in zana abin da idona ya gani ranar. Wanda ya yi kyau da wanda ya karkace duk ina barinsu, ba na yage ko ɗaya, don sai kin duba na watan jiya za ki san inda hannunki ya kai. Ai yau da gobe ita ta sa allura ginin rijiya.

Za ki ce me zan zana? Haba 'yar uwa! Da damina leƙa gona kawai. Ganyen gyaɗa huɗu ne a reshe, biyu na kallon biyu. Na wake uku ne. Na kuka kuwa ya baje kamar yatsun hannu. Shekara nawa muna tsinkarsu, amma sai ranar da kika tashi zanawa za ki ƙirga. Wadda ba ta son zanen abu mai rai ba ta rasa abin yi ba: ga saƙar faifai, ga ƙwarya, ga dagi, ga aska takwas ta babbar riga, ga zayyanar allon sauka.

Abin da ke damuna shi ne, yanzu amarya za ta zo ƙunshi, sai ta miƙa waya ta ce, "Anti, irin wannan nake so." A kwafo na Indiya ko na Dubai a ɗora mata. Ba laifi ba ne, ana samun na cefane. To amma wallahi idan mu goma a unguwa duk hoto ɗaya muke kwafa, da me za a fifita ki? Sai dai a bi mai araha. Haka mai hula: ta kwashe makonni tana ɗinki, ido na ruwa, amma zanen na wani ne, gobe ya ga dama ya ba wata. Wadda ke da zanenta a littafi kuwa, ita ake nema har gida.

Sannan ga na iyayenmu yana ɓacewa. Tsofaffin gidajen ƙasa masu ado a bakin zaure, damina na cinye su, ana maye su da bulo da siminti. Tsohuwar da ta iya zanen ƙwarya in ta rasu, ta tafi da abinta. Kin ga in kika zauna gabanta kika kwafe a takarda, kika rubuta sunan da take kiran zanen, kin ceci abin da ba a sayarwa a kasuwa.

Kuma mu ba baƙin aikin hannu ba ne. Tarihin baka ya nuna maƙera ne daga Gaya, Abagayawa, suka je Dutsen Dala neman tama suka zauna. A Italiya ma, shahararren mai zanen nan Leonardo da Vinci, wanda ya rasu a 1519, dubban shafuka ya bari cike da zanen tsirrai da ruwa da injina. Gwaninta ba ta sa ya daina gwaji a takarda ba, balle ni da ke.

Don Allah iyaye, in kun ga yarinya na zane a bayan littafin makaranta, kar a ce ɓarnar takarda take yi. A saya mata nata daban, wataƙila sana'arta ke nan. Ke kuma yau ɗin nan ki fara da ganye ɗaya.

Allah Ya sa wa hannuwanmu albarka, amin. Taku har kullum.