Shekarun da na koyar da ɓoye saƙo

Lokacin da nake koyar da 'yan aji biyu ilimin ɓoye saƙo a jami'a, da dabarar Kaisar nake farawa kamar kowa: a matsar da kowane harafi gaba uku, A ta koma D. Mako na biyu kuwa na al-Kindi ne, malamin Bagadaza na ƙarni na 9 da ya nuna yadda ake tona irin wannan rubutu ta ƙirga yawan fitowar haruffa. Littattafanmu duk E suke cewa a nema, don ita ta fi yawa a Ingilishi. Ni kuma sai in ɓoye musu sakin layi na Hausa, in ja bakina. Su yi ta farautar E har wani ya farga cewa A ce ta mamaye takardar. Nan gardama ke tashi: ina za a sa ɓ, ɗ da ƙ, tunda a kan haruffa 26 aka gina lissafin?

Dabarar RSA ta 1977, mai mabuɗi biyu, da alli muke yin ta. A ninka 3 da 11 a sami 33, mabuɗin kowa 3, na sirri 7. Da mabuɗin kowa lamba 4 ta rikiɗe ta zama 31, da na sirri ta kuma dawo 4. Wasu sai sun sake lissafin da kansu suke yarda.

Abin da ya fi wuyar shiga shi ne ƙa'idar Kerckhoffs ta 1883: a ɗauka abokin gaba ya san dabarar duka, mabuɗi kaɗai ya rasa. Ba shekarar da wani ba ya zo mini da tasa dabarar, yana cewa, "Malam, wannan ba mai iya karya ta, ni kaɗai na san yadda take." Zaurance ke nan, wanda amfaninsa ke ƙarewa ranar da ƙanenka ya gane inda ake cusa gaɓar. Sharaɗina ɗaya ne: ka rubuta dabarar a allo, ka riƙe mabuɗinka, ka bar abokanka da ita. Da wuya ta kai mako. Sai wanda aka karya wa ya huce nake ba su labarin dabarar AES, wadda wasu 'yan Beljiyam biyu suka ƙirƙira, aka baje ta a gasa masana suka yi ta dukanta shekaru, kafin Amurka ta amince da ita a 2001.