Ƙarshen Shekara a Shagon Buga Takardu

Litinin, 14 ga Disamba, 2020
Hazo tun asuba. Ƙura a gilashin fotokofi, a tiren takarda, har a maƙogwaro. Ciniki shiru, ɗalibai na gida tun Maris. Samaru ba kowa.

Sanarwar Google na nan daram: Cloud Print zai tsaya ranar 31 ga wata. Tun Nuwamban bara suka faɗa. Ta nan malaman jami'a ke turo mini aiki daga gidajensu, in buga, in ɗaure, su aiko yaro ya karɓa. Su ne suka riƙe shagon nan duk tsawon yajin aikin ASUU. Bayan 31, oho.

Talata, 15
Da yamma rediyo: duk layin wayar da ba a haɗa da lambar NIN ba zuwa 30 ga wata, za a rufe shi. Yaron shago ya ce, "Oga, gobe akwai aiki." Allah ya sa.

Laraba, 16
Akwai kuwa. Layi har bakin kwata. Kowa da takardarsa a cikin waya, ba hanyar fito da ita. Wannan ya turo ta WhatsApp, wancan ba data, wani ya miƙo filasha cike da bairos. Kwamfuta ɗaya ce tal ke haɗe da firinta, da kebul. Komai sai ya bi ta hannuna.

Na kira ƙanina a Legas, ya leƙa Computer Village ya nemo mini Raspberry Pi. Ya ce, "Yaya, wannan ɗan abin ne zai yi maka aikin kwamfuta?" Na ce ya dai saya.

Alhamis, 17
Jira. Ya ce an sa a mota.

Dare, janareta a kashe, karatu a waya. Ashe haɗa kwamfutoci da buga takarda tare suka taso. A cibiyar binciken Xerox da ke Palo Alto, Gary Starkweather ya haɗa firintar lesa a farkon shekarun 1970, mai fitar da kusan shafi guda a daƙiƙa. Na'ura ɗaya, mai tsada, ga ma'aikata da yawa kowa da kwamfutarsa. Dole a samu hanyar da duk za su kai mata aiki da sauri. Cikin dalilan da suka sa Bob Metcalfe ya tsara Ethernet a 1973 ke nan. Matsalata ta jiya ce sak: mutane da yawa, firinta ɗaya.

An sako yaran Ƙanƙara da aka sace. Alhamdu lillahi. Barci ya ƙi zuwa duk da haka.

Juma'a, 18
Motar ta kwana a hanya. Tona ta fara yin fari-fari a gefen hagu. Na ciro, na girgiza, na mayar.

Asabar, 19
Tasha. Kwali naɗe da salatif, sunana da ja. Abin bai fi tafin hannu ba. Katin memori, caja, shi ke nan. Ban buɗe ba sai bayan isha'i.

Lahadi, 20
Shago a rufe, ni kaɗai a ciki.

Linux a kan katin, sannan CUPS. Michael Sweet ne ya rubuta ta, ta fito a 1999. Apple ya sa ta a cikin Mac, daga baya ya saye ta a 2007. Kyauta take har yau. Aikinta: karɓar takarda daga duk inda ta zo, jera ta a layi, juya ta zuwa yaren da firinta ke ji. Tsohuwar firintata ta baƙi da fari PCL take ji, yaren da HP ya fito da shi tun zamanin LaserJet ta farko, 1984. Na soka kebul, na buɗe shafin CUPS ta ƙofa ta 631, sai ga sunanta. Shafin gwaji ya fito da ɗuminsa. Na daɗe ina kallonsa.

Saura wayoyi su gan ta. Kaina ya yi nauyi. Gobe.

Litinin, 21
Avahi. Ita ce ke shela a kan Wi-Fi cewa ga firinta a nan, ga sunanta, ga girman takardar da take ɗauka. Dabarar ta Bonjour ce, wadda Apple ya fito da ita a 2002 da sunan Rendezvous. Kafin wannan sai ka san lambar adireshin na'ura da ka, ka nemo faifan direbanta, ka ɗora wa kowace kwamfuta daban.

Hantsi, wata ɗaliba mai iPhone. Na ce ta shiga Wi-Fi na shago ta danna buga. Sunan firintar ya fito da kansa. Takarda ta faɗo tire tun ba ta ɗago kai ba. Ta ce, "Malam, shi ke nan?" Shi ke nan. AirPrint tun 2010 yake cikin wayoyinsu, yawancinsu ba su taɓa sanin yana nan ba.

Abin da ya fi daɗaɗa mini: ko kobo na data bai tafi ba. A tsarin da, takarda sai ta bar wayar mutum, ta je rumbun Google a wata ƙasa, ta dawo kwamfutata, kafin ta shiga na'urar da ke gaban mai ita. In intanet ya yi rauni, a yi ta zaman jira. Yanzu daga waya zuwa rauta, daga rauta zuwa firinta, duk a ɗaki ɗaya. Tun farko haka ya kamata a ce na ga ana yi a shagunan garin nan.

An ƙara wa'adin NIN: masu lamba zuwa 19 ga Janairu, marasa ita zuwa 9 ga Fabrairu. Layi bai ragu ba.

Talata, 22
An ɗauke wuta, an kawo, firinta ta ɓace. Ba ta a waya, ba ta a kwamfuta. Mutane tsaye, yaro na kallona. Komawa kebul.

Bayan la'asar na gano: rauta in ta tashi sai ta sake raba adireshi, kwamfutar shago na nemanta a tsohon. Na kafe mata lamba ɗaya. Na ɗora Pi da rauta a kan ƙaramin batir. Ranar ta tafi a haka. Haushi.

Laraba, 23
ASUU ta janye yajin aiki. Mai shayi har da ƙarin madara kyauta. Yaushe za a buɗe, ba wanda ya sani, ga maganar korona ta sake tashi. Amma in ɗalibai suka dawo da furojet ɗinsu, shafi ɗari-ɗari, kebul ɗaya ba zai ɗauka ba. Gara da aka fara yanzu.

Alhamis, 24
Ɗaya firintar, mai kala, ta ƙi. CUPS na ganinta, aiki ya shiga layi, ya tsaya cak. Irin masu arhar nan ce da ba su da ƙwaƙwalwar kansu, kwamfuta ce ke yi musu duk lissafin shafi. Direban da masu ita suka fitar ba na irin guntun da ke cikin Pi ba ne, kuma a kulle yake, ba mai iya gyarawa.

Na tuna labarin Richard Stallman. A ɗakin bincikensu na MIT ya taɓa gyara manhajar tsohuwar firintarsu, yadda in takarda ta maƙale za ta sanar da masu jiran aiki. Wajen 1980 aka kawo sabuwa ta lesa, ya nemi asalin rubutun manhajar don ya yi mata haka, aka hana shi. A 1983 ya shelanta shirin GNU. Rabin abin da ke gudana a ɗan akwatin nan nawa daga can ya samo tushe. Takarda ce ta maƙale wa wani, ni nake cin moriya a Zariya. Mai kala dai tana nan a kan kebul.

Juma'a, 25
Hutu. Na goge madubin cikin firinta da auduga. Layin farin nan ya tafi. Ashe ƙura ce.

Asabar, 26
Wani abu ya dame ni. Na leƙa tarihin ayyuka, sai ga takardun mutane a ajiye, ana iya sake buga su: takardar NIN, shaidar haihuwa, bayanin asusun banki na wata Hajiya. Amana ce. Na saita a riƙa goge kowace da zarar ta fito. Na canja kalmar sirrin Wi-Fi, na gaya wa yaro kada a rubuta ta a bango.

Ko shaguna nawa ne ke da irin waɗannan takardu jibge a kwamfuta, a WhatsApp ɗin yaran shago?

Lahadi, 27
Sanyi. Ban fita ba.

Litinin, 28
Wayoyin Android kashi biyu. Sababbi, daga Android 8 zuwa sama, suna ganin firintar ba tare da an ƙara komai ba. Tsofaffi sai an sauke manhajar Mopria, ta ƙungiyar da Canon, HP, Samsung da Xerox suka kafa a 2013 don wayoyi da firintoci su riƙa jin yare ɗaya. Yaren shi ne IPP, tun ƙarshen shekarun 1990 ake gina shi. Waya ta tambayi firinta me take iyawa, firinta ta ba da amsa, a tura mata PDF ko hoton shafi. Ba faifai, ba direba.

Sai dai saukewa na son wuri, wayoyin kuma a cike maƙil da hotunan biki. Wani dattijo ya miƙo tasa, ya ce, "Ɗana, ni ban san wannan ba, ka yi yadda ka saba." Na ce, "To, Baba." Na yi yadda na saba.

Talata, 29
Wani ya danna buga sau da yawa don bai ga ta fito nan take ba. Tulin takarda, ya ce shi ɗaya ya nema, ɗaya zai biya. Gardama har maƙwabta suka shigo. Yanzu kowane aiki sai ya tsaya a layi, in ga kuɗi, in sake shi. Sauƙin ya ragu. Takarda ta yi tsada, ba yadda zan yi.

Laraba, 30
Wani Farfesa cikin masu turo mini aiki ya kira. "Malam, an ce hanyar nan tamu za ta mutu?" Na ce ranka ya daɗe, gobe ne ƙarshe. Sabon tsarin sai mutum yana cikin shago, ko a bakin ƙofa inda Wi-Fi ke kaiwa. Daga gida ba ya yi. Ana iya buɗe ƙofar 631 ga duniya, amma wannan kiran ɓarawo ne, ba zan yi ba. Ya yi shiru, ya ce zai riƙa turowa ta imel. Ko zai riƙa, ko zai nemi wani shagon kusa da gida.

A nan Cloud Print ya fi abin da na haɗa, ba musu.

Alhamis, 31
Aiki na ƙarshe ta tsohuwar hanya: jadawalin darasi, shafi biyu, daga wani malamin kimiyya. Ya fito lafiya. Na cire asusun daga kwamfuta da hannuna kafin magariba.

Lissafin wata ya fi na Nuwamba nesa ba kusa ba. NIN ce, ba dabarata ba.

Juma'a, 1 ga Janairu, 2021
Na karanta cewa LaserWriter ta Apple, 1985, dala 6,995 aka sa mata, kuma guntun da ke cikinta ya fi na kwamfutar Macintosh ɗin da ke tura mata aiki sauri, saboda nauyin fassara PostScript. Tsadar ce ta sa aka tsara ta don ofis guda ya yi tarayya a kanta. Yau ɗan abin da ke maƙale a bayan teburina da salatif ke wannan fassarar.

Mai shagon gaba ya leƙo, ya tambayi nawa na kashe. Na gaya masa. Ya ce zai yi shawara.

Litinin, 4 ga Janairu
Wuta ta tafi ta dawo, firinta na nan a wayoyi. Imel biyu daga malamai, ba na Farfesa. Tona saura kaɗan, wannan karon da gaske. Ba labarin ranar buɗe makaranta. Mai kala har yanzu a kan kebul take.