Daƙiƙa Biyun Chávez

Cikin 'yan damben zamani da ƙasar Meziko ta haifa, babu wanda nake yawan tunawa kamar Julio César Chávez. Ya taso a birnin Culiacán, gidansu tsohon taragon jirgin ƙasa. Naushin hagun da yake kai wa haƙarƙari shi ya fitar da iyayensa daga wannan talauci. Karawa 90 ya yi ba a ci shi ba, sai a 1994 Frankie Randall ya yi galaba a kansa.

Ranar 17 ga Maris, 1990, ya kara da Meldrick Taylor, wanda ke gaba a maki wajen alƙalai biyu cikin uku. A turmi na 12 Chávez ya kai shi ƙasa. Taylor ya miƙe, amma alƙalin wasa Richard Steele ya tsayar da damben, saura daƙiƙa biyu a tashi. Har yau ana musu a kan hukuncin. Ni dai ina bayan Steele, domin daga fagen asibiti aka wuce da Taylor, ƙashin fuskarsa a karye.

Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne, Chávez kansa ya daɗe bai sami mai taka masa birki ba. Giya da hodar iblis sun yi shekaru suna cin sa ana yi masa tafi, har iyalinsa suka kai shi gidan magani. Yau shi ne mai buɗe cibiyoyin jinyar masu shaye-shaye. A ganina, iyalin nan sun yi masa abin da Steele ya yi wa Taylor.