Hanta Ba Ta Kuka Da Wuri

A cikin gaɓoɓin da Allah Ya halitta a jikin ɗan Adam, ban san wadda ta kai hanta haƙuri ba. Nauyinta kamar kilo ɗaya da rabi ne, amma ita ke tace jini, ita ke sarrafa abinci da magani, ita ke kuma samar da ruwan maɗaciya. To, wannan haƙuri nata shi ne abin tsoro, domin takan yi shekaru tana lalacewa, mai ita bai sani ba.

Na ga haka da idona ga wani aminina, mai fataucin goro a Agege. Da fari kasala ce ta kama shi. Tuwon da yakan cinye sai ya bar rabi, ga tashin zuciya, ga rama. Kowa ya ce gajiyar kasuwa ce. Daga baya fitsarinsa ya yi duhu kamar shayin da ba madara, bayan gida ya yi fari-fari, ƙaiƙayi ya hana shi barci, yana kuma jin nauyi ƙarƙashin haƙarƙarinsa na dama. Da farin idonsa ya koma rawaya, sai aka ce shawara ce, aka dinga ɗura masa jiƙo da tsimi. Ba a kai shi asibiti ba sai da ciki da ƙafafu suka kumbura. Likita ya auna jini, ya ce ƙwayar hepatitis B ce, mai yiwuwa tun yana yaro take jikinsa. Watanni kaɗan Allah Ya yi masa rasuwa.

Jama'a, shawara alama ce kawai, ba ita ce ainihin cutar ba. Tana iya fitowa daga hanta, ko zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, ko ciwon sikila, kuma awon jini ne kaɗai ke rarrabewa. Ban da ƙwayoyin cuta, giya na cin hanta, haka gyaɗa da masarar da suka yi hunhuna. Har farasitamol da muke sha kamar gyaɗa, in babba ya wuce giram 4 a yini, watau ƙwaya 8 masu miligiram 500, ya jefa hantarsa cikin haɗari.

Abin farin ciki, tun 2004 Nijeriya ta sa allurar hepatitis B cikin rigakafin yara, ana kuma so a yi wa jariri ta farko cikin awa 24 da haihuwa. Akwai kuma magungunan da ke danne ƙwayar in an gano ta da wuri.

Saboda haka, mai karatu, in kasala da rashin cin abinci sun ƙi ci sun ƙi cinyewa, kada ka jira idonka ya yi rawaya. Je ka a auna jininka, ka tafi da iyalinka. Hausawa sun ce ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, amin.